Wuƙar aljihu: Me ya hana sunan maƙeran Tasawa da Mayahi hawa bisa ƙarfe?

Idan Babbar Sallah ta rage mako guda, bayan kasuwar dabbobi babu inda ke cika a Tasawa da Mayahi kamar wurin masu wuƙaƙe. Magidancin da ya kama ragonsa sai ya nemi wuƙar yanka, da ta fiɗa, da ɗan gatarin sara ƙashi, domin a Nijar aikin layya ba ya ƙarewa a yanka: sai an buɗe ragon, an ɗaure shi a kan itace, an jera shi gefen wuta ya yini yana gasuwa.

Wanda ya tsaya ya duba da kyau zai ga kaya iri biyu. A kan tabarma ga wuƙaƙen maƙeran gari, baƙaƙe, masu ƙotar itace, wasu cikin kuben jar fata. A kan tebur kuwa ga na kwali, masu ƙyalli, waɗanda aka shigo da su daga waje, kuma a cikinsu ne ake samun wuƙar aljihu, wato mai naɗewa ta shige cikin ƙotarta. Wuƙar kwali na ɗauke da rubutu: sunan kamfani, ko sunan ƙasa, ko wani tambari. Ta tabarma ba ta ɗauke da komai. Da zarar ta bar hannun wanda ya ƙera ta, ta zama "wuƙar maƙera" kawai, babu mai iya cewa ga gidan da ta fito.

Wannan rashin suna a da ba komai ba ne, tunda mai saye ya san maƙerinsa, ya san uban maƙerinsa. Amma a kasuwar wuƙaƙe ta duniya a yau, sunan wanda ya zana wuƙa shi ne abin da ake saye, har ya kan fi ƙarfen tsada.

Yadda suna ya zama haja

Tsarin ya bunƙasa ne a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1980. Akwai maƙera masu aikin hannu da ke yin wuƙa ɗaya-ɗaya, kowace na cin kwanaki, mai son saye kuma ya jira watanni ko shekaru. Sai kamfanoni suka fara zuwa wurinsu da tayi: ka ba mu zanenka, mu buga dubbai a masana'anta, mu rubuta sunanka a jikin kowace, mu riƙa ba ka wani kaso daga cinikin.

Kamfanin Spyderco na jihar Colorado ya fitar da wuƙar da Bob Terzuola ya zana a 1990, kuma ana lissafa ta cikin na farko-farkon irin wannan haɗin gwiwa. Kershaw ya ɗauko Ken Onion, wani maƙeri mazaunin Hawaii, wanda ya kawo dabarar da ke taimaka wa wuƙa buɗewa da ɗan turi kaɗan. CRKT ya yi suna da samfurin M16 na Kit Carson. Daga baya abin ya koma har da alfahari da yanki: masu tara wuƙaƙe kan ce suna neman zanen maƙeran Denmak, irin su Jens Ansø da Jesper Voxnæs, ko na Rasha, ko na Afirka ta Kudu, domin kowane yanki da irin hannunsa. Da yawa daga cikin waɗannan zane-zane yanzu a birnin Yangjiang na ƙasar Sin ake buga su, mai zanen yana can gidansa, abin da ke tafiya tsakaninsu hoto ne a kwamfuta da samfuri guda ɗaya.

A duk nahiyar Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ce ta shiga wannan sahu sosai. Chris Reeve, haifaffen Durban, ya koma jihar Idaho ta Amurka a 1989, kuma wuƙarsa mai suna Sebenza, kalmar Zulu da ke nufin aiki, ana sayar da ita kan ɗaruruwan dalar Amurka. Spyderco ma ya taɓa fitar da samfuri da sunan Des Horn, wani maƙerin Afirka ta Kudu. Akwai kuma wata da kamfanin ya kira Chokwe, wadda aka kwaikwayo siffarta daga wuƙar gargajiyar ƙabilar Chokwe ta Angola da Kwango. A nan sunan ƙabila ne ya hau ƙarfen, ba na wani maƙeri daga cikinsu ba, kuma wannan bambancin shi ne ainihin labarin Nijar.

Tambarin Agadas a birnin Thiers

A tsakiyar Faransa akwai wani gari mai suna Thiers da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana ƙera wuƙaƙe. A 1929 wani mai masana'anta a garin, Gaspard Cognet, ya fitar da wata wuƙar aljihu mai arha da ya kira Douk-Douk. Ya yi ta ne domin tsibiran Melanesiya da ke tekun Fasifik, shi ya sa ya zana hoton wani dodon al'adarsu a jikin ƙotar. Can ba ta karɓu ba. Da aka juya da ita zuwa Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka, sai ta samu kasuwar da mai ita bai yi zato ba. A Aljeriya ta yi sunan da har lokacin yaƙin neman 'yanci hukumomin Faransa suka ɗauke ta a matsayin makami.

Abin da ya kamata maƙerin Tasawa ya lura da shi a wannan wuƙa shi ne sauƙinta. Guntaye shida ne kacal: bakin wuƙar, da ƙotar da aka lanƙwasa daga farantin ƙarfe guda, da sifirin mai riƙe bakin, da ɗan zoben ratayawa, da ƙusoshi biyu. Babu itace, babu ƙaho, babu makulli. Ƙarfen bakin kuma ba mai hana tsatsa ba ne, irin wanda ke yin baƙi ne amma yana ɗaukar kaifi da ɗan gogawa a dutse, wato dai halin da mahauci da manomi suka saba da shi a wuƙar gida.

Kamfanin ya fitar da wasu nau'o'in daga baya, kuma ɗaya daga cikinsu ya shafi Nijar kai tsaye. Sunanta El Baraka. An yi ta ne domin masu saye Musulmi, waɗanda hoton dodo bai kwanta musu ba, sai aka maye gurbinsa da tambarin Agadas, wato adon azurfar nan da maƙeran Abzinawa ke yi, wanda Turawa ke kira kuros na Agadas. Har yau ana sayar da ita a shagunan Turai da intanet. Zanen na maƙeran Abzin ne, kasuwar ta Afirka ce, amma suna da riba na Thiers ne. Babu wata doka da aka karya, domin ado ne na gargajiya da babu wanda ya yi wa rajista. Wannan kuwa shi ne abin takaicin.

Haka labarin Okapi, wuƙar nan mai zobe a baya da ake ja kafin ta naɗe. A Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902 domin kasuwar Afirka, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu.

Shigowar ƙarfen Turai ƙasar Hausa ma ta girmi waɗannan duka. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Tasawa a farkon 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya rubuta cewa dubun-dubatar ruwan takubba na Solingen ke shiga Kano ta hamada, da asake daga Styria ta ƙasar Austriya. Sai dai a wancan zamani ruwan takobin kawai ke zuwa. Maƙera da dukawan Kano ne ke sa masa ƙota da kube, su sake sayar da shi ga Abzinawa da sauran maƙwabta. Wato rabin aikin da rabin ribar na tsayawa a gida. Wuƙar kwali ta yau kuwa a gama take zuwa, babu abin da ta rage wa kowa sai ɗan abin da mai tebur zai ɗora.

Abin da maƙeri ya sani

Masu ganin cewa ƙira a karkara gyaran fartanya ce kawai ba su zauna a maƙera ba. Hausawa sun raba sana'ar gida biyu: maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Sana'ar gado ce, da sarautarta ta Sarkin Maƙera, kuma kafin tarkacen motoci su wadata, daga tama ake narko ƙarfen. Wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Echard, ta ɗauki fim ɗin yadda maƙeran Adar ke wannan narki a shekarun 1960, lokacin da aikin ke dab da mutuwa. Yau abin da ya maye gurbin tama shi ne sifirin mota, da tsohon magagari, da duk wani ƙarfe mai kyau da aka tsinto a wurin 'yan gwangwan.

Kayan aikin ba su canza sosai ba: uwar maƙera, masaba, awartaki, zuga-zugi, ko kuma fankar da ake juyawa da ƙafar keke. Gawayin da aka fi so shi ne na ƙirya, saboda zafinsa da daɗewarsa, kuma ƙiryar ta yi ƙaranci a yankin da gonaki suka cinye daji.

Ilimin da ke wurin shi ne na siffa. Wuƙar da mai yankar kaba ke so a kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa Mayahi kuma ya ciyar da masu saƙar tabarma da igiya shekara da shekaru, daban take da wadda mai kilishi ke shimfiɗa nama da ita har ya koma kamar takarda. Ta baduku daban, gajeruwa mai faɗin baki. Askar wanzami daban, ta aski da ta tsaga da ta cire beli kowace da kamanninta. Ga barho, ga wuƙar damtse da makiyayi ke ɗaurawa. Kowace siffa an kai gare ta ne bayan gwaji na zuriya da zuriya: mai aiki ya dawo ya ce ta yi nauyi, ko cikinta ya yi faɗi, maƙeri ya rage. Abin da kamfanonin waje ke biyan mai zane dominsa ke nan, sanin inda baki zai lanƙwasa da inda hannu zai zauna. A Tasawa ana bayar da shi kyauta tare da wuƙar.

Inda gizo ke saƙar

Sai dai gaskiya ita ce wuƙa mai naɗewa ba wuƙar kube ba ce, kuma duk wanda ya ce maƙeran karkara za su fara gogayya da masana'antun Yangjiang gobe, yana sayar da mafarki ne.

Matsala ta farko ita ce daidaito. Wuƙar kube guntu ɗaya ce, idan ta ɗan karkace ma za ta yi yanka. Mai naɗewa kuwa dole ramin ƙusa ya zauna daidai, gindin bakin ya haɗu da sifirin daidai, in ba haka ba ko dai ta riƙa rawa, ko ta rufe a kan yatsun mai ita. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya lalata ta. Wannan aikin injin huda ne da ma'auni, ba na ido da masaba kaɗai ba.

Ta biyu ita ce taurin ƙarfe. Maƙeri na gane zafi ne da launi, ya tsoma jan ƙarfe a ruwa ko mai, sannan ya ɗan sake ɗumama shi don kada ya yi tsinke. Gwani na dacewa sau da yawa. Amma a wuƙar aljihu baki na son tauri, sifirin na son ya lanƙwasa ya dawo sau dubbai bai karye ba, kuma tunda ƙarfen na tsince ne, sifirin wannan mota ba lallai ya yi hali ɗaya da na waccan ba. Mai shago a Yamai ko Abidjan da ya ba da odar guda ɗari yana son ta ɗarin ta yi kama da ta farko.

Ta uku farashi. Masana'anta na buga dubbai a yini, maƙeri na iya shafe yini kan guda ɗaya. A gasar arha an riga an gama da shi tun kafin ya hura wuta. Manomin Korgom ko Kanembakashe da ke lissafin kuɗin taki ba zai biya ninki biyar don kishin gida ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Akwai ta huɗu da ba ta shafi ƙarfe ba. A Kano wuƙar aljihu ta ɓata suna a hannun 'yan daba da masu ƙwacen waya, a Damagaram ma an sha fama da gungun matasan da ake kira fale. Duk wanda zai tallata ta ga matasan birni dole ya tallata ta a matsayin kayan aiki, na ɓare mangwaro da yanka igiya da gyaran waya, ba abin tsoratarwa ba. Masu zuwa gida hutu su koma Turai kuma su sani ba a shiga jirgi da ita a jakar hannu. A Ingila doka ta yarda ne da ɗaukar mai naɗewa marar makulli da bakinta bai wuce inci 3 ba, wato kimanin santimita 7 da rabi. A Jamus an hana yawo da wadda ke buɗewa da hannu ɗaya kuma ta kulle. Abin lura a nan shi ne samfuri mai sauƙi irin na Douk-Douk, idan an yi shi ƙarami, ya fi masu tsadar shiga ƙasashe da yawa.

To ina mafita?

Idan gasar arha ta rufe, ƙofar da ta rage ita ce wadda maƙeran Denmak da Afirka ta Kudu suka bi: zane daga wuri ɗaya, bugu a wani wuri, suna a jiki. Ba sai an je Sin ba. Birnin Maraɗi, mai tazarar kilomita ɗari da 'yan kai daga Tasawa a kan babbar hanya, na da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ga masu walda da injin yankan ƙarfe a ko'ina cikin gari. Ana iya yanka guntayen da huda su da inji a birni, maƙeri ya yi bakin da kaifin, baduku ya yi ɗan kuben. Fatar ma ba nesa take ba: jar akuyar Maraɗi sunanta ya kai Turai tun kafin a san Nijar a taswira, sai dai da sunan fatar Maroko ta isa can, saboda ta hannun fataken Arewacin Afirka ta bi. Wani darasin ke nan kan abin da ke faruwa ga kaya marasa suna.

Garin Laguiole na kudancin Faransa ya ɗanɗana irin wannan. Wuƙarsa mai ɗan ƙudan zuma a baya ta shahara a duniya, amma da yake ba a kare sunan da wuri ba, wani ɗan kasuwa ya yi masa rajista a 1993, kasuwa kuma ta cika da "Laguiole" ƙirar Sin da Pakistan. Mutanen garin sun shafe shekaru suna shari'a kan sunan ƙauyensu. Opinel kuwa, wadda Joseph Opinel ya fara a yankin Savoie a 1890, tun da wuri ta buga tambarin hannu mai kambi a kowane baki, kuma har yau tana hannun zuriyarsa.

Mataki mafi arha shi ne wannan tambari. Ɗan guntun ƙarfe ne da aka sassaƙa wa alama, a buga a jikin wuƙa tana da zafi, kuma duk maƙerin da ya iya yin hatimin shanu ya iya yin sa. Da shi ne mahaucin da ya ji daɗin wuƙa zai san ta wa zai sake nema, ɗan Mayahi da ke Legas ko Agadas ko Tripoli ya iya aikowa a saya masa ta gidan wane, mai kwaikwayo kuma a gane shi. Bidiyon maƙera na samun masu kallo a TikTok da Facebook, amma kallo ba ya zama ciniki idan mai kallo bai san sunan da zai tambaya ba.

Hanyar doka ma a buɗe take, kuma Nijar ta riga ta bi ta da wasu kayan. Ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI, mai hedikwata a Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da yankinsu, yayin da cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi suka samu tambarin haɗin gwiwa. Babu abin da ya hana ƙungiyar maƙeran wani gari neman irin wannan tambari, ko wani maƙeri ya yi wa sabon zanensa rajista, wadda ke ba da kariyar shekara 5 da ake iya sabuntawa har zuwa 15. Sharaɗin shi ne zanen ya zama sabo, don haka siffar barho ta kaka da kakanni ba za ta shiga ba, amma barhon da aka mayar mai naɗewa da wata dabara ta daban zai iya. Cibiyar masu sana'ar hannu ta ƙasa, CMANI, ita ce ta fi dacewa ta kai wannan bayani rumfunan maƙera, domin takardun da Faransanci suke, kuma akwai kuɗin da ake biya.

Rajista guda a OAPI na aiki a ƙasashe 17, daga Senegal zuwa Chadi da Kamaru. Najeriya ba ta cikinsu. Iyakarta ba ta kai kilomita 100 daga Tasawa ba, kasuwannin Katsina da Daura da Kano su ne mafi girma da wuƙar za ta fara shiga, kuma layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai ƙara kusanto su. Duk maƙerin da ke son kare zanensa a can sai ya sake shigar da wata takardar daban a ofishin rajista da ke Abuja.